Hayaƙi Ba Ya Jin Wa'azi

Litar man fetur ɗaya ba ta kai kilo guda a nauyi ba, kusan kashi uku ne cikin huɗu na kilo. Amma idan injin ya ƙone ta, iskar kabon dayoksaid da ke fita ta salansa takan kai kilo 2.3. Ta dizal ta fi haka, kusan kilo 2.7. Wanda ya fara jin wannan lissafi yakan ɗauka an yi kuskure, don ta yaya abin da aka ƙone zai fi asalinsa nauyi har ninki uku? Ƙarin daga iskar da muke shaƙa yake zuwa. Fetur da dizal da kananzir da iskar gas duk dangi ɗaya ne, haɗin kabon da haidirojin. Idan wuta ta kama su, kowace ƙwayar kabon takan jawo ƙwayoyin oksijin biyu ta haɗe da su, haidirojin kuma ya haɗu da nasa oksijin ya zama tururin ruwa. Wannan shi ne ƙonewa mai kyau, wadda babu aibi a cikinta.

To amma babu injin da ke ƙona mai haka tsaf. Idan oksijin ya yi ƙaranci, sai a sami kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke maƙale wa jini fiye da yadda oksijin ke yi har ninki sama da 200. Ita ce ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a kunne cikin rufaffen wuri. Ba sa jin komai sai ciwon kai da kasala, barci ya ɗauke su, shi ke nan. Wani ɓangaren man yakan fita ɗanye bai ƙone ba, wani ya zama kunkunniya. Idan akwai farar wuta a cikin man, ta fita a matsayin iskar da ke haɗuwa da danshin sama ta dawo ƙasa cikin ruwan sama mai guba. Sai kuma wani abu da ba daga man yake ba sam. Kashi 78 cikin 100 na iskar duniya naitirojin ce, wadda ba ta shiga sabgar kowa, amma zafin cikin injin yakan tilasta mata haɗuwa da oksijin, sai a sami iskokin da ke ƙona huhu, waɗanda masana ke taƙaitawa da NOx.

Ra'ayina a kan wannan batu guda ne, kuma tarihin shekara ɗari da suka wuce ne ya koya mini shi. Hayaƙi bai taɓa raguwa don an roƙi masu fitar da shi ba. Duk inda ya ragu, doka aka kafa mai lamba da ranar cika wa'adi, sannan aka sa wanda zai je ya auna. Inda aka kafa doka aka bar awo, an yi ha'inci. Inda aka bar doka aka dogara da faɗakarwa, tusa ce aka sa ta hura wuta.

Labarin dalma ya isa hujja. A shekarar 1921 wani injiniya a kamfanin General Motors, Thomas Midgley, ya gano cewa ɗan sinadarin dalma kaɗan a cikin fetur yana hana injin ƙwanƙwasa. An fara sayar da shi a 1923 da sunan Ethyl, sunan da aka zaɓa babu ambaton dalma a cikinsa, alhali tun zamanin Rumawa an san dalma guba ce. A watan Oktoba na 1924 ma'aikata biyar suka mutu a wata masana'antar haɗa sinadarin a jihar New Jersey, bayan sun zauce, wasu da dama kuma aka kwantar da su a asibiti. Me Midgley ya yi? Ya tara 'yan jarida, ya zuba sinadarin a hannunsa, ya kai kwalbar hancinsa ya shaƙa, don ya nuna babu komai. Shi kansa kafin nan ya taɓa ɗaukar hutun jinya saboda gubar dalmar. An dakatar da sayarwa na ɗan lokaci, aka naɗa kwamiti, aka ci gaba da kasuwa.

Shekara arba'in aka yi ana busa dalma cikin iskar birane kafin wani masanin kimiyyar ƙasa, Clair Patterson, ya fito a 1965 ya nuna yadda ta cika jikin mutanen zamani fiye da na da nesa ba kusa ba. Sakamakonsa shi ne ya rasa kwangilolin bincike. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro tun yana ƙarami, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Duk da haka Amurka ba ta gama hana ta a man motoci ba sai 1996, ƙasa ta ƙarshe kuwa, Aljeriya, sai a 2021 ta daina sayarwa. Shekara ɗari cif daga ganowa zuwa dainawa. Bayan hanin, dalmar da ke jinin yaran Amurka ta ragu da sama da kashi 90 cikin 100. Babu uwar da ta canza halinta, babu direban da ya tuba. Man ne kawai aka canza a matata.

Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin, ba tausayin yara ne ya fara korar dalma daga fetur ba. Wata na'ura ce da dalma ke kashewa.

A farkon shekarun 1950 wani malamin kimiyya a Kalifoniya, Arie Haagen-Smit, ya gano cewa hazon da ke sa idanun mutanen Los Anjalis ruwa hayaƙin motoci ne da rana ta dafa. Kamfanonin mota da na mai suka musa. Aka yi ta ja-in-ja har 1970, lokacin da majalisar Amurka ta yi dokar tsaftace iska wadda ta ce a rage manyan gubobin salansa da kashi 90 cikin 100 cikin shekara biyar zuwa shida. Manyan kamfanonin suka ce ba zai yiwu ba, masana'antar za ta durƙushe, ma'aikata za su rasa abin yi. Ana cikin wannan kuka sai Honda, wanda a lokacin an fi saninsa da babura, ya fito da injin da ya cika sharaɗin a 1972. An ɗan ɗaga wa sauran ƙafa, amma daga motocin 1975 akasarin sababbin motocin Amurka suka fara fitowa da wata tukunyar tace hayaƙi da ake kira katalis a salansa.

Duk wanda ya taɓa ganin an fasa wannan tukunya ya san yadda cikinta yake. Wani farin dutse ne mara nauyi, mai dubban ƙananan ramuka a jere kamar saƙar zuma, an shafe bangon kowane rami da ɗan ƙurar ƙarafa masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Duka-duka 'yan giram ne. Hayaƙi na bi ta cikin ramukan, ƙarafan kuma suna sa kabon monoksaid da ɗanyen mai su ƙarasa ƙonewa, su kuma raba NOx ya koma naitirojin da oksijin yadda yake tun farko. Su ƙarafan ba sa ƙarewa, aikinsu kawai haɗa aure da raba shi. Irin da ke yin ayyukan uku a lokaci guda Volvo ne ya fara sa shi a mota wajen 1976, tare da wata 'yar na'ura da ke shinshina hayaƙin tana gaya wa injin ya ƙara mai ko ya rage, don awon ya tsaya daidai: kusan kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na fetur. Idan komai ya daidaita, sama da kashi 90 cikin 100 na gubobin nan uku ba sa fita waje.

Sharuɗɗanta biyu ne. Sai ta yi zafi sosai, digiri ɗari biyu da hamsin zuwa sama, kafin ta fara aiki, shi ya sa mota ta fi ƙazanta a mintunan farko bayan an tashe ta, kuma gajerun tafiye-tafiye suka fi dogaye ɓarna idan aka auna da kilomita. Na biyu kuma, ba ta shiri da dalma ko kaɗan. Tanki kaɗan na mai mai dalma ya isa ya rufe fuskar ƙarafan har abada. Dole ta sa aka samar da fetur mara dalma a kowane gidan mai.

A nan ne nake ganin masu tsara manufa da yawa suke ɗora kaya a baibai. Tsabtar mota daga tsabtar mai take farawa. Farar wuta ma tana raunana katalis, tana kuma toshe matatar kunkunniya da ake sa wa motocin dizal. Tarayyar Turai ta kayyade farar wuta a dizal da fetur zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009, Amurka ta sauko da dizal ɗinta zuwa 15 daga 2006. Indiya ta tsallake mataki guda gaba ɗaya, ta koma kan 10 a watan Afrilun 2020. Jiragen ruwa, waɗanda suka daɗe suna ƙona dattin da ya rage a gindin matata, an sauko musu da iyaka daga kashi 3.5 cikin 100 zuwa 0.5 a ranar 1 ga Janairun 2020. Ƙasar da har yanzu take karɓar dizal mai farar wuta kashi dubbai cikin miliyan, ko ta shigo da mota mafi tsabta a duniya, cikin ɗan lokaci motar za ta koma fitar da baƙin hayaƙi irin na sauran.

Akwai masu cewa wannan duk damuwar masu ƙoshi ce, talaka abin da zai kai shi wurin neman abinci yake nema, ba ruwansa da abin da ke fita ta baya. Na fahimci maganar, kuma gaskiya ne mai tsabta ya fi tsada wajen tacewa. Amma wa ke shaƙar hayaƙin? Mai kuɗi yana cikin mota gilashi a rufe, gidansa nesa da babban titi. Mai talla a bakin hanya, ɗan sandan da ke ba da hannu, yaron da tsayinsa daidai yake da bakin salansa, su ne ke biyan kuɗin da aka ce an rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 kafin lokacinsu a 2019, idan aka haɗa da hayaƙin cikin gida kuwa adadin ya doshi miliyan 7 a shekara. Ba duka ne daga fetur da dizal ba, akwai kwal da itace da ƙura, amma kason injuna ba ƙarami ba ne. Abin da ya fi kisa shi ne ƙananan ɓurɓushin da faɗinsu bai wuce maikuron 2.5 ba (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), waɗanda ke wuce duk wani shinge na hanci da maƙogwaro su sauka can ƙasan huhu, wasu har su shiga jini. Shi ya sa yawancin waɗanda hayaƙi ke kashewa ba a rubuta hayaƙi a takardarsu. Ciwon zuciya ake rubutawa, ko shanyewar ɓarin jiki. A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa hayaƙin dizal a sahun farko na abubuwan da ke jawo sankara. A Landan kuma, a watan Disambar 2020, wani mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatar iska na cikin abin da ya kashe wata yarinya 'yar shekara tara mai ciwon asma, wadda gidansu ke kusa da wani babban titi. Shekara bakwai mahaifiyarta ta yi tana fafutuka kafin a rubuta hakan.

Amma doka kaɗai ma ba ta isa ba, kuma Volkswagen ne ya koya wa duniya wannan darasi. Shekaru ana auna motoci a ɗakin gwaji: a ɗora mota kan wasu naɗaɗɗun ƙarafa, tayoyi na juyawa, motar na tsaye, a bi wani tsarin gudu da kowa ya haddace. Sai wasu 'yan masu bincike daga Jami'ar West Virginia suka ɗauki na'urar awo suka cusa a but ɗin motocin dizal guda uku, suka haɗa tiyo da salansa, suka hau titi suka yi ta yawo. Biyu daga ciki, duka na Volkswagen, suka riƙa fitar da NOx ninkin-ba-ninkin abin da doka ta yarda, ɗaya har ninki 35. Sun fitar da rahotonsu a 2014. Kamfanin ya yi ta kame-kame sama da shekara guda, har hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona asirin a watan Satumbar 2015. Ashe an rubuta wa kwamfutar injin yadda za ta gane ana gwada ta. Idan ta ga tayoyi na gudu sitiyari kuma bai motsa ba, sai ta kunna duk kayan tsaftace hayaƙi. Da an hau titi sai ta sassauta. Motoci kusan miliyan 11 ne ke ɗauke da wannan dabara a faɗin duniya. Shugaban kamfanin ya sauka cikin kwanaki, tara da diyya kuma suka haura Yuro biliyan 30.

A lura, fasahar tsaftace dizal tana nan, ba a rasa ta ba. Ana fesa ruwan yuriya cikin salansa ya mayar da NOx naitirojin da ruwa, manyan motoci na amfani da shi kullum. Tsada da wahalar cika tanki na biyu aka guje wa. Injiniyoyi masu ilimi, a ƙasar da ake yi wa kallon uwar bin doka, sun zauna sun yi lissafi sun ga ha'inci ya fi arha, muddin babu mai bin su titi. Tun daga nan Turai ta shigar da awon kan titi cikin sharuɗɗan amincewa da sabuwar mota. In haka ta faru a can, ina ga inda mota za ta shekara ashirin ba wanda ya taɓa kai na'ura bakin salansarta?

Wannan ya kawo ni kan tsofaffin motoci. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga ƙananan motoci miliyan 14 da aka yi amfani da su, waɗanda Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, akasarinsu zuwa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ba laifi ba ne sayar da tsohuwar mota, mai kyau takan fi sabuwa mara inganci tsabta. Laifin shi ne wasu kan iso an riga an ƙwaƙule katalis ɗinsu saboda ƙarafan ciki, wasu kuma sun faɗi gwaji a ƙasarsu shi ya sa aka tura su. Ƙasar da ta hana mota hawa titinta don tana cutar da yaranta, sannan ta bari a loda ta a jirgi, ba ta rage hayaƙin duniya ba, ta dai canza masa adireshi. Mai karɓa ma da nasa laifin, don shi ke da tashar jirgi da jami'an kwastam.

Wasu na cewa a bar duk wannan, motocin lantarki na tafe. Suna tafe kam. A Norwe kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu batir ne zalla. Sai dai motocin da ke kan titunan duniya sun haura biliyan ɗaya, kuma wadda aka saya bana za ta iya kai shekara ashirin tana aiki, a hannu na biyu da na uku. Ga manyan motocin dakon kaya, ga jirage, ga janaretoci, ga injinan ban ruwa. Yaron da aka haifa yau huhunsa zai gama girma kafin rabin waɗannan su bar aiki. Ba za a ce masa ya jira ba, alhali maganin an san shi tun kafin a haifi ubansa. Bejin ta nuna abin da za a iya yi cikin shekara goma idan an ɗaure fuska: matsakaicin ƙananan ɓurɓushin nan a iskarta ya sauko daga kusan maikurogiram 89 a kowace mita kubik ta iska a 2013 zuwa wajen 30, ta hanyar rufe tukwanen kwal, tsaurara ƙa'idar mai da kawar da tsofaffin motoci. Har yanzu ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya, wanda yake 5, sau shida. Amma mai asma ya san bambancin.

Saura abu guda da katalis ba ta iya taɓawa, hasali ma ƙara shi take yi kaɗan, tunda aikinta mayar da kabon monoksaid kabon dayoksaid ne. Duk gubobin da na lissafa a sama 'ya'yan ƙonewa mara kyau ne ko dattin mai, ana iya tace su. Kabon dayoksaid kuwa shi ne ainihin abin da ƙonewa ke haifarwa, kuma shi ne ke riƙe zafi yana ɗumama duniya. Kafin zamanin masana'antu yawansa a sararin sama kusan kashi 280 ne cikin miliyan. Lokacin da wani masanin kimiyya, Charles Keeling, ya fara auna shi a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawai a 1958 ya tarar da kusan 315. Yanzu ya haura 420. Ana maganar kama shi a binne a ƙarƙashin ƙasa, kuma ana yi, Norwe ta fara tura shi ƙarƙashin teku a filin haƙar gas na Sleipner tun 1996. Amma abin da duniya ke fitarwa daga mai da gas da kwal ya kai tan biliyan 37 a shekara, duk cibiyoyin kamawar kuma in an haɗa su ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba. A bayan mota kuwa babu ma inda za a ajiye shi, tankin mai guda zai bar maka sama da kilo ɗari na iska.

Don haka idan na ji talla ana cewa wani mai "tsabtatacce" ne, nakan tambaya: tsabta daga me? Iskar gas ta fi dizal da kwal tsabta ga huhu, wannan gaskiya ne, birnin Delhi ya ga amfanin haka lokacin da kotun ƙoli ta tilasta wa motocin bas komawa gas a farkon shekarun 2000. Amma tana fitar da kabon ɗinta, kuma wadda ta zurare daga bututu ba a ƙone ba ta fi kabon dayoksaid riƙe zafi sau da yawa. A wannan fanni hanya ɗaya ce, a rage yawan litocin da ake ƙonawa: injin da ba ya shan mai da yawa, bas da jirgin ƙasa da za su ɗauke mutum hamsin ko ɗari biyar a tafiya guda, gari da aka tsara yadda ba sai an tashi injin ba kafin a kai yaro makaranta, wutar lantarki daga rana da iska.

Nan ma ba na tsammanin roƙo zai yi aiki. An shekara talatin ana taron sauyin yanayi, ana alkawura masu daɗin ji waɗanda ba su da mai awo ba su da tara. Abin da ya ɗan motsa kamfanonin mota shi ne dokokin da suka kayyade giram nawa na kabon motocin kamfani za su fitar a kowace kilomita, da tarar da za a biya kan kowane giram da ya haura, a kan kowace mota da aka sayar. A Turai tarar Yuro 95 ce. Tun da wa'adin ya fara matsowa, kamfanonin suka koma majalisu suna neman a ɗaga musu ƙafa, suna cewa ba zai yiwu ba, masana'antar za ta durƙushe, ma'aikata za su rasa abin yi. An kuwa fara sassauta musu.